Mukayyif na Goma Sha Biyu

Idan mai bin sawu ya kai mutane ƙofar wani, suka yi wa mutumin abin da suka ga dama, alhakin a wuyan wa yake? Baba Saidou ya yi shekara talatin da huɗu yana yawo da wannan tambaya. Wani malami a Damagaram ya ce masa babu komai a kansa. Wani a Madina ya ce sai an duba niyya. Shi kuwa da ya duba tasa niyyar, bai ga komai ba sai ƙuruciya da son a ce ya iya.

A can ƙasar Tanut, lokacin da yake da ƙarfi, idan raƙumi ya ɓata shi ake nema. Wata shekarar fari ya bi sawu kwana uku har ya kai jama'a bukkar wani dattijo, abokin mahaifinsa, mai 'ya'ya bakwai da rumbu wayam. Aka ɗaure dattijon aka zagaya kasuwa da shi, bai kai damina ba ya rasu. Daga ranar Saidou ya daina duban ƙasa. Ya zo hajji, ya zarce Riyad, ya zama haris, wato mai gadi da shara, a wani tsohon bene mai hawa uku a unguwar Gubaira, inda kusan kowane ɗaki ɗan Maraɗi ne ko ɗan Damagaram.

A bana ne babbar gwamnati ta ware kuɗi don rage wa tsofaffin gidaje shan wuta, ta miƙa wa ofishin yanki ya gudanar. Ofishin ya sa gidan a cikin shirin: za a shafe rufin da farin abu mai mayar da zafin rana, a kuma sa wa kowane ɗaki sabon mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, maras ƙara, maras cin wuta. Sharaɗi ɗaya ne. Duk sabo guda, sai an miƙa tsoho guda da lambarsa, a kai shi a niƙe. Wanda ya kasa cika lissafi an ɗauka ya sayar, a cire gidansa daga shirin.

Ranar Alhamis aka ciro tsofaffin guda goma sha biyu aka jibge su a kan rufi. Ranar Juma'a da la'asar Isma'il, ɗalibin nan ɗan Gusau da yake riƙe wa mai gidan takardu, ya hau ya ƙirga. Sha ɗaya.

Kafin magariba matakalar gidan ta cika da murya.

"Wa bai je masallaci ba?" in ji Rabilu mai shayi, yana duban sama kamar ba da kowa yake ba. "Ni dai tambaya na yi."

Kowa ya san amsa. Salissou, lebura na mai gida wanda ya taya ma'aikata ciro na'urorin, ciwon haƙori ya kwantar da shi. Shi kaɗai ne namijin da ya rage a gidan lokacin sallar Juma'a. Mai gidan kuma shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, iƙamarsa, takardar izinin zama, a hannunsa take. Mai gidan ya yi magana ta waya, Isma'il ya fassara ba tare da ya dubi kowa ba: jami'in ofishi zai zo Lahadi da safe. In bai tarar da sha biyu ba, Salissou zai tafi gida, fita ba dawowa.

*

Asabar da hantsi Salissou ya sami Baba Saidou a bakin ƙofa yana wanke tsintsiya. Kumatunsa ɗaya ya kumbura kamar ya ɓoye goriba.

"Baba, an ce da can kai ne..."

"An ce."

"Wallahi ban taɓa ba. Na hau da safe na rufe buhunan farin garin nan na shafe rufi kada iska ta kwashe, na sauko na kwanta. Shekara biyu kawai na yi, Baba. Ko rufin ɗakin matata Aïchatou ban gama ba. In na koma yanzu, da wace fuska?"

"Na bar wannan aikin tun ba a haife ka ba. Je ka sa kanumfari a haƙorin."

Salissou ya tafi. Baba Saidou ya ci gaba da wanke tsintsiyar da ta riga ta fita tas. Can ya jingine ta, ya je ya karɓi makullin rufi a wajen Isma'il, ya ce tankin ruwa zai duba.

Bai kai ga tankin ba. Wani buhu ya fashe tun ranar Alhamis, farin gari ya baje a rufin kamar an yi tankaɗe, ga sawu a kai ɓaro-ɓaro. Ya tsaya daga bakin ƙofa. Wani abu ya motsa a ƙirjinsa, irin wanda yakan ji da sassafe a bayan garin Tanut, lokacin da rairayi yake da sanyi, dare ya gama rubutunsa ba wanda ya taka. Bai so daɗin da ya ji ba, amma ya ji.

Ga takalmin Isma'il mai tsinin baki, ya je ya dawo da sauri. Ga silifa babba, ta tafi wajen buhuna ta juyo, mai ita yana jan ƙafar hagu kamar wanda ciwo ya dama: Salissou ne, kuma ya faɗi gaskiya. Sai kuma wata silifar, girmansu ɗaya, zanensu ɗaya, irin wadda rabin mazan Gubaira suke sawa. Wannan ta nufi inda aka jibge na'urorin, uku-uku a kan juna. Ta tsaya a gaban jerin ƙarshe, inda yanzu saura biyu. Ta juyo da nauyi.

Ya tsuguna, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya daɗe yana duban sawun dawowar. Sannan ya miƙe ya shafa gefen ƙofar rufin, dama da hagu. Lafiya lau. Ya ɗaga kai. Ƙofar gajera ce, a can samanta kuwa fenti ya kankare, sabon kankara, faɗin tafin hannu.

Ya sauke kai, ya kulle ƙofar ya sauko.

*

Rabilu yana tsaye a bayan teburinsa a bakin layi, yana fifita wuta da kwali.

"Baba haris! Yau da kanka? Halib mai madara ko baƙi?"

"Baƙi. An ce ka ga mota jiya."

"Da idona! Motar masu sayen tsohon ƙarfe, da lasifikarta tana kuka. Ina dawowa daga masallaci na hango ta tana fita daga layinmu. Ai magana ta fito, Baba. Yaro ya sauko da kaya, ya miƙa, ya koma ya riƙe kumatu."

"Ai kai ma ɗan ƙanwarka a wajen masu tsohon ƙarfe yake aiki, a can unguwar Shifa."

Kwalin ya tsaya a hannun Rabilu. "Haba Baba! Ni da na yi salla a sahun farko? Tambayi liman, har ƙafata ya taka!"

"Ban ce komai ba. Ka ga ba daɗi dai."

Ya shanye shayin ya koma. Matakala aikinsa ce, kuma tun Alhamis bai goge ta ba. Ya fara daga ƙasa yana hawa a hankali, yana duban lungun kowane taki. Hawa na ɗaya babu farin gari ko ƙwaya. Ashe kayan bai taɓa sauka titi ba, motar wucewa kawai ta yi. Daga rufi garin ya biyo matakala yana raguwa, ya zo hawa na biyu ya ƙare. Ɗaki huɗu ne a nan. Ɗaya na Rabilu, biyu na direbobi da suka tafi Dammam da iyayen gidansu tun Laraba. Na huɗun, a bakin ƙofarsa akwai silifa babba an jera ta daidai, kamar mai ita yanzu ya shiga.

Mai ita ya shekara uku a kabari.

*

Inna Zouera ta girmi kowa zama a gidan. Ta zo amarya daga wani ƙauye a ƙasar Mayahi, ta bi mijinta Malam Basiru, wanda ya yi gyaran famfo da wuta a unguwar har ƙarfinsa ya ƙare. Tun rasuwarsa take dafa wa leburori tuwo da fura, 'yarta Khairat da take aure a unguwar Malaz ta yi ta roƙon ta koma wajenta, ta ƙi. Kowa a layin ya san ta da abu ɗaya: komai girman tukunya a ka take ɗauka, kuma ba ta yarda a taya ta. Ko a makon jiya Salissou ya kai hannu zai ɗora mata buhun gero, ta buge hannun. "Tun da Malam ya tafi ba wanda ya ɗora mini kaya," in ji ta, "ba kuwa za a fara ba."

Baba Saidou ya yi sallama. Ɗakin da zafi kamar gidan burodi. Sabon mukayyif yana manne a bango, fari fat, ledarsa ma ba a cire ba.

"Hajiya, ba ki kunna ba?"

"Abin da ba ya magana? In na kunna sai in ji kamar a asibiti nake. Zauna, Malam Saidou, ga fura."

Ta ajiye ƙwaryar a kan wani ɗan teburi da aka lulluɓe da zane mai ruwan bula. Ya shekara ashirin yana shigowa ɗakin nan gaisuwa, bai taɓa ganin teburi ba. Ya ɗauki ludayi, gefen hannunsa ya gogi zanen, ya ji layi-layin ƙarfe a ƙarƙashi.

Ya sha furar. Ta ji kanwa daidai, ta ji citta, irin ta gida.

"Kin tuna shekarar da Malam ya sayo tsohon nan naku? Mu huɗu muka hau da shi. Da aka kunna, yaran layi suka zaci jirgi ne."

Ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi.

"Hajiya, gobe za a kori Salissou."

"Na ji ana hayaniya. Na ce ai faɗan maza ne, zai wuce. A kan shara za a kori mutum?"

"A wajen ofishi ba shara ba ce, lamba ce. Kafilinsa ya riga ya yanke."

Ta dubi hannuwanta. Sannan ta sauke ƙwaryar ƙasa, ta janye zanen.

Tsohon mukayyif ne, ruwan ƙasa, ya sha walda ya sha waya. Ta juya masa gefensa. An karce ƙarfen da ƙusa, layi bisa layi, ƙananan lambobi na Larabci tun daga sama har kusan ƙasa.

"Ruwan shuka," in ji ta. "Duk shekara, ranar da aka aiko cewa ruwan farko ya sauka a garinmu, sai ya ɗauki ƙusa ya rubuta. Da can a kaset ake aiko labarin, ya zo bayan wata guda, amma sai ya rubuta ranar da ruwan ya sauka, ba ranar da ya ji ba. Ya gama sai ya fita waje inda wannan yake ɗigar da ruwa, ya tara hannu ya shafa a fuska. Shekara ashirin da uku bai riƙe hauya ba, amma bai taɓa kuskure damina ba." Ta sa yatsa a wani layi. "Wannan shekarar ruwa ya makara har wata na takwas, bai ci abinci kwana biyu ba. Wannan kuwa shekarar da aka haifi Khairat."

Can ƙasa akwai karce uku miƙaƙƙu, babu lamba.

"Waɗannan nawa ne. Ban iya rubutu ba."

Ta shafa su da tafin hannu.

"Ka san kabarin ƙasar nan, Malam Saidou. Babu suna, babu alama, mu mata ma ba ma zuwa. Ban san inda yake kwance ba. Nan kaɗai hannunsa ya rage. Ranar Alhamis ina wajen Khairat suka cire, na dawo na tarar da rami a bango an toshe. Jiya da kuka tafi salla na ce rufi da zafi, na zura takalminsa na hau. Ga shi a sama, daidai kaina, kamar yana jirana." Ta ɗago. "Za ka faɗa?"

A nan ya ga bukkar nan ta Tanut, da dattijon da ya fito yana gyara rawani don ya tarbi baƙi.

"An daɗe da na kai mutane ƙofar wani," in ji shi. "Ba zan ƙara ba. Amma yaron nan ma ba zan bari a tafi da shi ba. Bayan la'asar zan tara su a rufi in wanke shi. Iyakar abin da zan iya ke nan."

"In ka wanke shi, halas, magana ta ƙare?"

"A'a. Sha ɗaya dai sha ɗaya ne."

*

Bayan la'asar rana ta ɗan yi sanyi, mutanen gidan suka hau. Baba Saidou ya tsayar da su a jikin bango kada su taka sawun. Mata suna daga baya a kan matakala.

"Salissou, ɗauki ɗaya ka fita da shi ta ƙofar nan."

"Baba, da wannan haƙorin?"

"Da hannu na ce, ba da haƙori ba."

Aka yi dariya kaɗan. Salissou ya rungumi na'urar a ƙirji, ya tafi yana tale ƙafa, ya zo ƙofa ya bugi gefen dama, ƙwam.

"Mayar. Rabilu, saura kai."

"Ni kuma me ya kawo ni ciki?"

"Bakinka."

Rabilu ya saɓa a kafaɗa yana nishi, ya karkace, ya bugi gefen hagu har fenti ya zubo.

"To ku duba ƙasa," in ji Baba Saidou. "Mai rungume kaya yana tale ƙafa. Mai saɓawa a kafaɗa, ƙafa ɗaya ta fi nutsewa. Wannan sawun na jiya kuwa, dubi yadda ya tafi a miƙe kamar an ja zare, taki gajere, nauyi daidai a kan ƙafa biyu. Takalmin babba ne, amma diddigen ba a ƙarshensa ya danna ba, a tsakiya ya danna. Ƙafar ba ta cika shi ba. Ƙafar Salissou kuwa har ta yi wa nasa yawa. A bakin ƙofa mai sawun ya rusuna, ga inda yatsu suka dafe. Bai bugi dama ba, bai bugi hagu ba." Ya ɗaga hannu ya nuna kankarar da take sama.

Duk wanda yake nan ya tashi a garin da ake zuwa rijiya da tulu. Ba wanda ya waiwaya wajen matakala, kuma ƙin waiwayar ya fi waiwayar ƙara.

Isma'il ya gyara tabarau. "Baba, na gamsu ba Salissou ba ne. To wane ne?"

"Ƙasa ta gaya mini wanda bai ɗauka ba. Nan na tsaya."

"Baba, don Allah ka fahimce ni. Ni ɗan aike ne. Jami'in nan ba sawu zai duba ba, takarda zai duba. In babu na sha biyu za a cire gidan, mai gida kuma ya rantse a kan Salissou zai huce, da laifi ko babu. Ba ni da yadda zan yi."

Salissou ya dubi Baba Saidou. Baba Saidou ya dubi ƙasa. Ya wanke yaron tas, kuma wankin bai tsinana komai ba. Suna guda ne zai cece shi, sunan yana kan harshensa, ya ji shi da ɗaci kamar sabara. Ya buɗe baki.

"Kai ɗan Gusau."

Muryar daga matakala ta fito. Mata suka dare, Inna Zouera ta hawo taki biyu.

"In an kai shi, da gaske niƙe shi za su yi?"

Isma'il ya juya wajenta. "Haka dokar shirin ta ce, Inna. Don kada ya koma wani gida ya ci gaba da shan wuta."

"Ko gefe ɗaya ba za su bar wa mutum ba?"

"Cikakke suke karɓa. Na karanta sharuɗɗan sau uku."

Ta gyaɗa kai. "To. Salissou, biyo ni. Kai ma Malam Saidou. Sauran ku tsaya nan, ɗakina ba kasuwa ba ne."

Isma'il ya bi su duk da haka. Da ya ga rubutun, aka gaya masa ko mene ne, sai ya cire tabarau ya goge, ya ce shi abin da zai gaya wa mai gida kawai shi ne an ga kaya, ba a sayar ba. Ya fito da waya ya ce bari ya ɗauki hoto, Khairat ta wanke mata babba ta rataye.

"Ɗauka," in ji ta. "Amma hoto ba shi da kaushi."

Ta tsuguna ta bi layukan da yatsa tun daga sama, ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta suna motsi. Ba wanda ya hanzarta ta. Baba Saidou yana tsaye a bakin ƙofa kusa da silifar nan, yana tambayar kansa ko da bai hau rufin ba da wa zai yi kuka yau. Bai sami amsa ba, kamar kullum.

Da ta kai karce na ƙarshe ta miƙe, ta ɗauki zanen nan mai ruwan bula, ta murɗe shi ta naɗa gammo, ta aza a ka. Salissou ya matso.

"Inna, bari in kai. Don Allah."

"Ni na sauko da shi, ni zan mayar."

Ta rusuna ta kama gefen na'urar. A rufi daga sama ta zame mata a ka. Nan kuwa a ƙasa take. Ta ja, ba ta motsa ba. Ta sake ja. Sai ta tsaya tana numfashi, ta dubi yaron da kumburarren kumatunsa.

"Me kake kallo?" in ji ta. "Zo ka ɗora mini."